Yatsun Mahauci a Wuyan Jita

Wada mahauci ne, ɗan mahauci, jikan mahauci. Kakansa ya koro shanu daga ƙasar Katsina zuwa Garwa, ya ga ruwa, ya ga ciyawa, bai koma ba. Rumfar da tsohon ya kafa a kasuwar Roumdé Adjia ita Wada yake tsaye a ciki har yau. Ya haura arba'in. Ba shi da yawan magana, ba ya son a maimaita masa zance.

A ɗakinsa akwai jita rataye cikin jakar baƙin yadi. Tun yana saurayi ya same ta a hannun wani direban babbar mota ɗan kudu, mai ɗaukar auduga daga Touboro. Da kunne ya koya, daga rediyo, daga kaset, daga baya kuma daga waya. Bai damu da kiɗan biki ba. Jaz yake so, kiɗan nan da kowa ke faɗin nasa amma ba a rigima. Shekaru ya yi yana kaɗa wa bango. Bai taɓa jin sautinsa a tsakiyar na wasu ba. Abin da yake so ke nan a duniya, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Madam Hortense ce ta gano shi. Tsohuwar malamar makaranta ce 'yar kudu. Ta daɗe a Garwa har Fulatancinta ya fi na wasu 'yan gari, Hausarta kuwa ta kasuwa ce, mai kaifi. Duk Lahadi da la'asar tana kaɗa piyano a wani lambu a bakin kogin Binuwai, inda iyalai ke zuwa cin gasasshen kifi. Tare da ita akwai Odette, 'yar ƙanwarta, mai kaɗa bas, wato jita mai kaurin murya, da wani mai ganga, da mai jita. Mai jitar ya tafi Douala neman aiki, kujerarsa ta zauna babu kowa.

Wata safiya Wada ya miƙa mata nama, sai ta tsura wa hannunsa na hagu ido.

"Musye Wada, wannan kantar da ke kan yatsunka ba ta wuƙa ba ce."

"Aiki ne, Madam."

"Wane aiki? Tsirkiya ce ta yi wannan. Ni ma ina da ido." Ta rage murya. "Ka zo gida da yamma. Ka zo da jitar."

Ya je. Ta zaunar da shi a baranda, ta kaɗa, ya bi ta. Suka yi waƙa ɗaya, suka yi ta biyu. A ta uku ta ɗaga hannun dama daga piyano ta bar masa fili. Ya shiga, ya yi taku kaɗan, ya ɓata.

"Rakiya ka iya," ta ce. "Idan wani yana gaba kana bin sa daidai. Amma da an ce fita kai kaɗai sai ka yi ta tuntuɓe. Wa ya koya maka?"

"Babu."

"Na ji alama."

Ta karɓi jitar ta nuna masa. Muryoyi bakwai ne a jere: re, mi, fa, sol, la, si, do. Ta faɗi sunan jerin da Faransanci, shi kuwa a ransa ya ce tsani ne, ana hawa ana sauka. A cikin bakwai ɗin, huɗu su ne ginshiƙai: re, fa, la, do. Idan aka danne su tare, shi ne abin da ta kira re mineur sept. Sauti ne mai kama da yammacin da babu iska.

"Do ɗin nan shi ne na bakwai," ta ce. "Yana ƙofar gida amma ba ya shiga. Duk daɗin yana wurinsa. Ka koyi gudu a kan tsanin, sama da ƙasa, daga kowane mataki, amma ka sauka a kan ɗaya daga cikin huɗun. A nan za ka yi." Ta nuna masa tsakiyar wuyan jitar, inda ƙarafan da ke gitte suka matso kusa da juna, gaɓoɓin suka ƙanƙance. "Nan muryar take siririya, tana fitowa a kan piyano."

Ya gwada. Yatsunsa suka yi nauyi.

"Lahadin ƙarshen wata zan ba ka fili a waƙa guda, mai sanyi, wadda ta zauna a kan re ɗin nan. Idan ka fita lafiya, kujerar taka ce. Idan ba haka ba, akwai wani saurayi a unguwar Domayo, can Marwa, Ziyad, ya dame ni da waya. Kujera ɗaya gare ni."

"Zan zo," in ji Wada.

Matsalar lokaci ce. Da asuba yana mayanka. Daga nan rumfa har la'asar. Kafin ya isa gida zafin bazara ya dafa shi, kafaɗunsa sun mutu. Lokacin da yake da shi na banza shi ne tsakar rana, sa'ad da masu saye suka janye, aka bar mahauta da ƙuda. Da zai kawo jitar rumfa, da ya samu abin da yake nema.

Amma mahauci ba ya kiɗa. Kiɗa ake yi masa. Tun kaka da kakanni mahauta suna da makaɗansu, masu kalangu, da ke zuwa bakin rumfa su kira sunan uban mutum da na kakansa. Ranar da Wada zai zauna gaban nama rungume da jita, ranar sunan kakansa zai zama abin hira a layin mahauta. Bai ma tsaya tunanin abin ba.

Wata rana da tsakar rana awazar wani sa tana rataye a ƙugiya, daidai kafaɗarsa ta hagu. Ya kai hannu zai juya ta, sai yatsunsa suka faɗa tsakanin haƙarƙari, kowanne a raminsa. Ƙashi, nama, ƙashi, nama, kamar ƙarafan wuyan jita. Babban yatsa ya zagaya baya da kansa. Ya danna manuniya.

Re.

Ya ji shi. Ba da kunne ba, a cikin kai, tsaf, kamar an ɗiga ruwa a kwarya. Ya danna na gaba. Mi. Fa. Ya matsa ƙasa kaɗan kamar ya sauya tsirkiya. Sol, la, si, do.

Kasuwa ta ja da baya. Ƙarar babura ta yi nisa, ƙudaje suka yi shiru. Ya ga yashin Binuwai a lokacin da ruwa ya janye, fari fat, da garke yana gangarowa. Re farin bijimi ne, shi ne a gaba. Fa baƙar saniya ce mai tafiyar ƙasaita. La tana biye da ita kai a sunkuye. Do kuwa jar karsana ce, ta zo har bakin ruwa, ta shinshina, ta tsaya ba ta sha ba. Ya kora su suka hau tudu. Ya kora su suka sauko. Ya fara daga tsakiyar garken, ya fara daga ƙarshe. Babu wadda ta yi gardama. Ƙafafunsu ba sa tayar da yashi.

"Wada."

Dawuda ne, mai rumfar da ke jikin tasa, abokinsa tun suna ɗaukar fata a mayanka.

"Sosa masa kake yi? Ai ya riga ya mutu."

"Kitse nake dubawa."

"Da ido a rufe?"

Wada ya janye hannunsa. Washegari ya sake. Jibi ma haka. Ya koma ajiye awaza ɗaya har yamma, ba ya sara ta sai ta zama ita kaɗai ta rage. Idan mai saye ya nuna ta, sai ya ce cinya ta fi kyau yau. Layin mahauta suka gane akwai wani abu, amma ba su gane mene ne ba. Wani ya ce addu'a ce. Wani ya ce ciwon jijiya ne.

"Ƙirga su yake," in ji Dawuda. "Yana zargin an sace masa ɗaya a hanya."

Wata dattijuwar Bafulatana da ke saye wurinsa ta tsaya tana kallo har ya buɗe ido.

"Ɗana, yanko min daga wancan da ka yi wa tausa. Zai fi laushi."

Aka yi dariya har rumfa ta uku. Wada ya yanka mata, ya auna, ya ƙara mata ƙashi. Da ta tafi ya mayar da hannunsa.

Gudun ya yi ta ƙaruwa. Abin da yake ɗaukarsa numfashi biyu ya koma ɗaya. Wani lokaci yana cikin sara nama da hannun dama, na hagu yana motsi a iska shi kaɗai. A kan babur, a sahun jiran alwala, a gaban tuwo, tsanin yana hawa yana sauka a kansa, kowace murya a wanke.

A gida matarsa Kaltumi ce ta lura.

"Baban Hidaya, kun yi faɗa da jitar ne?"

"Me kika gani?"

"Ban gani ba, ban ji ba ne. Da har na saba da ita wajen wanke-wanke. Yanzu gizo-gizo ya fara yi mata riga."

"Ina yi a kasuwa."

"Da me?"

"Da hannu."

Ta dube shi, ta dubi jakar da ke rataye.

"To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai ban taɓa ganin wadda ta koyi tuƙa tuwo a tukunyar da babu gari ba."

"Kawo ruwa."

Ta kawo. Abin da bai gaya mata ba shi ne ya sauke jitar sau ɗaya a farkon makon. Wata tsirkiya ta yi zizza, wata ta shaƙe, sautin ya fito ramamme, bai kai rabin wanda yake ji a rumfa ba. Ya ce gajiya ce, ya mayar da ita ƙusa. A kan haƙarƙari bai taɓa kuskure ba. Abin da ba ya ƙara ba ya ƙaryata mutum.

Ranar Asabar, jajibirin Lahadin, Madam Hortense ta kira gwaji a barandarta. Odette tana zaune a kan bokiti kife, bas a cinya, tana taunar cingam. Mai ganga bai zo ba.

"Tonton Wada, an ce kai ne sabon angonmu," in ji Odette, wadda ta riga ta mayar da shi tonton, wato kawu. "Ka zo mana da tsire?"

"Odette, ɗaure tsirkiyarki," in ji Madam.

Suka shiga waƙar. Sanyi gare ta, kamar tafiyar mai ɗauke da tulu. Wada ya yi rakiya lafiya. Da lokaci ya yi Madam ta gyaɗa masa kai. Ya kai hannu tsakiyar wuya, ya rufe ido, ya saki gudun da ya haddace.

Ƙaramin yatsansa ya tsallake gaɓarsa ya sauka a ta gaba. Sautin ya fito da tsami kamar nonon da ya wuni a rana.

Madam ta tsaya. "Sake."

Ya sake. Nan ɗin dai. Ya sake a hankali, ido a buɗe, yana kallon yatsan. Ya sauka daidai. Da ya ƙara sauri kaɗan, sai ya sake tsallakewa, wannan karon har da na kusa da shi.

"Wannan ba do ba ne," in ji Madam. "Maƙwabcinsa ne na sama. Shi da re ɗina ba sa zama ɗaki ɗaya. Ranar da ka fara zuwa ba ka da sauri, amma kana taka inda ya dace. Ajiye jitar. Ɗora hannunka a tebur, yi min tsanin."

Ya ɗora. Yatsun suka baje a kan katako kamar ƙafar zakara, kowanne nesa da ɗan uwansa, suna gudu.

"Wa ya buɗe maka hannu haka? A kan me kake koyo?"

Wada ya dubi bishiyar mangwaron da ke tsakar gida. Ƙarya ba ta cikin ɗabi'arsa.

"A kan awaza."

"Awaza?"

"Haƙarƙari. A rumfa."

Odette ta cire cingam daga baki. Ta yi ƙoƙarin riƙe dariyar, ta kasa, ta kifa goshi a kan bas kafaɗunta suna rawa.

"Tonton, na sa ko na rago?"

"Na sa."

"Ai shi ya sa. Da na rago ka nema, da ya fi kusa."

Madam Hortense ba ta yi dariya ba. Ta rufe murfin piyano a hankali.

"Wata guda ka koya wa hannunka jitar da babu ita a duniya. Ziyad zai shigo motar safe daga Marwa. Gobe zan ji ku duka biyu. Ban janye maganata ba, filinka yana nan. Amma ka ji da kunnenka."

Bayan magariba ya zauna a tsakar gida ya yi ta fama. Ya matse yatsun, suka buɗe. Ya tafi a hankali, suka bi. Ya saki, suka koma inda suka saba. Abin da hannu ya haddace a wata, ba a kwance shi a yamma ɗaya. Kaltumi ta ajiye masa abinci, ta ɗauke shi da sanyi. Ya yi tunanin ya aika a ce ba shi da lafiya. Amma ya riga ya ce zai zo.

Lahadi da la'asar lambun ya cika. Tebura a ƙarƙashin darbejiya, hayaƙin kifi yana bin iska, yara suna shan zoɓo mai ƙanƙara. Ƙasa da lambun kogin ya rame, ya rabu gida-gida tsakanin tsibiran yashi. Masu ɗibar yashi sun jingine shebur suna wanka. Can nesa bayan wata dorina ya fito kamar dutse, ya nutse. Hadari ya taru a kudu amma bai da niyyar zuwa.

Ziyad siriri ne, mai ladabi, da farar riga. Ya gai da Wada da hannu biyu, da Fulatanci.

"Jam na, Baaba?"

"Jam."

Shi aka fara ba wa fili. Ya iya. Yatsunsa suna tafiya a tsakiyar wuya kamar ruwa a kan siminti, babu wadda ta zame, babu wadda ta shaƙe. Ya hau tsanin ya sauko, ya karkata, ya sake hawa, bai bar ko kafar allura ba. Mutane suka tafa. Wada ma ya tafa. Mai sana'a ba ya musun aiki mai kyau.

Rana ta yi ƙasa sosai kafin a zo kan waƙar mai sanyi. Wada ya zauna a kujerar. Mai ganga ya ajiye sanduna ya ɗauki 'yan tsintsiyoyinsa na waya, yana shara a kan fata. Odette ta shimfiɗa ƙasa. Madam ta ɗora waƙar a kai, ta zagaya da ita sau ɗaya, ta gyaɗa masa kai.

Ya kai hannu inda aka koya masa. Murya ta farko ta fito, ta biyu ta fito. Ƙaramin yatsa ya tsallake.

Lasifika ta ɗauki tsamin ta raba wa kowane tebur. Wata mata ta juyo da kifi a hannu. Wada ya tsaya cak. Piyano ta ci gaba ita kaɗai.  Ƙarfi ya fita daga hannun, ya zame ya gangara har ƙarshen wuya, wajen makullan da ake ɗaure tsirkiya.

Can gaɓoɓin suna da faɗi. Bai taɓa gudu a wurin ba, don Madam ta ce tsakiya, kuma tazarar takan gajiyar da hannu. Yanzu yatsunsa suka zauna, kowanne a gaɓarsa, babu miƙa, babu matsi.

Sai dai bai san inda waƙar ta kai ba. Ta wuce shi tun ɗazu. Babu abin yi sai saurare. Ya bar tsanin da ke kansa, ya kasa kunne ga hannun hagun Madam. Ta taka wani wuri, ta taka wani. Ya jira. Ta sauko a kan re.

Ya danna fa. Ya fito da kauri, daga ƙirjin jitar, kamar muryar mutumin da ya tashi daga barci. Sol. La. Ya tsaya, don bai san hanya ba. A cikin tsayawar Madam ta saka muryoyi uku sirara, kamar tambaya. Ya amsa mata da huɗu. Ta sake tambaya. Odette ta harare shi, don ya shigo muryoyin ƙasa inda take, amma ta ɗaga hannunta ta koma sama ta bar masa wurin.

Ya yi gudun. Ba mai sauri ba, tsirkiyoyi masu kauri ba sa son gaggawa. Ya hau daga fa har ya wuce do, ya sauko, ya huta, ya sake hawa daga la. Tebura suka yi nisa. Ya ji kamar yana cikin kwalekwale a ruwa marar zurfi, yana taɓa ƙasa da gora yana saki, jirgin yana tafiya da kansa tsakanin taɓawa da taɓawa. Gefe guda shara ce ta mai ganga, kamar iska a cikin ciyawar bakin ruwa. Gefe guda piyano, fitilu ƙanana a ƙetare. Hasken yamma ya kwanta a kan yashi ja-ja. Balbelu suka wuce a jere, ƙasa-ƙasa, ba su kaɗa fiffike ba. Wata tsirkiya ta yi zizza a ƙarƙashin yatsansa, ya bar ta ta yi, ta zama cikin waƙar.

Da ya ji filin yana ƙarewa, ya gangaro a hankali ya sauka a kan do. Ya riƙe shi. Bai ƙarasa gida ba. Madam ta sa re a ƙarƙashinsa, Odette ta sa nata ƙasa da wannan, sautin ukun ya tsaya a iska kamar hayaƙin da ya rasa inda za shi. Wada ya ji nasa a tsakiya. Ya daɗe yana jin sa bayan ya mutu.

An tafa, ba kamar yadda aka tafa wa Ziyad ba. Wasu ba su ma lura an gama ba.

Suka yi waƙar rufewa, aka fara naɗe wayoyi. Madam Hortense ta ja Ziyad gefe, suka daɗe suna magana da Faransanci. Saurayin ya saurara kai a ƙasa, ya gyaɗa kai, ya zo ya ba Wada hannu, ya ɗauki jakarsa ya nufi inda babura suke. Sannan Madam ta zo ta tsaya a gaban Wada.

"Yaron nan ya fi ka hannu."

"Na ji."

"Nesa ba kusa ba. Kuma ka zubar min da miya a gaban mutane."

"Haka ne."

"Abin da ka yi bayan nan ba ni na koya maka ba." Ta cire tabarau ta goge da bakin zane. "Shi tun da ya fara har ya gama bai san ina wurin ba. Da na tashi na tafi kasuwa, da haka zai kaɗa. Kai da ka ɓata sai ka tsaya kana jirana. Na daɗe ban samu wanda ya jira ni ba."

Wada ya saka jitar cikin jakarta.

"Kujerar taka ce har ruwan sama ya kore mu daga lambun nan. Bayan nan mu gani. Tsakiyar wuyan kuma ba a yafe maka ba. Za ka koye shi daga farko, a hankali, a kan tsirkiya. Kullum. Inda za ka samu lokacin ba ruwana."

"To, Madam."

Odette ta zo tana jan lasifika da hannu ɗaya.

"Tonton, ni fa ba a tambaye ni ba. Ka shigo gonata babu sallama, ka tattake min shuka."

"Ki yi haƙuri, 'yata."

"Haƙuri ba ya gyara kiɗa. Idan za ka sauko ƙasa ka ɗaga min gira tukuna, in san zan hau. Nuna min."

Wada ya dube ta. Ya haura arba'in, babu wanda ya taɓa sa shi irin wannan. Ya ɗaga gira.

"Duka biyun ka ɗaga. Ɗaya nake so, ta hagu. Biyu na mai ganga ne."

Ya gwada. Duka biyun suka sake tashi.

"Wannan ma sai an koya," in ji ta. "Kama min ɗaya gefen, nauyi gare ta."

Ya rataya jitar a baya ya kama. Suka kai lasifikar har bayan motar Madam. Daga ƙetaren gada aka fara kiran magariba, wani masallacin ya karɓa. Wada ya tambayi mai gasa kifi inda zai samu buta.